Allon da ke tsalle

Cocotiers unguwa ce a cikin Libreville, babban birnin ƙasar Gabon. Sunan unguwar na Faransanci ne, ma'anarsa itatuwan kwakwa. Birnin yana bakin teku. Akwai Hausawa a cikinsa. Wasu a Gabon aka haifi kakanninsu, wasu kuwa kasuwanci ne ya kawo su daga Nijar, Najeriya da Kamaru.

Yaran Cocotiers, kamar yaran Maradi da na Damagaram, sukan ga wani wasa mai ban mamaki a talabijin ko a wayar yayyensu. Saurayi ne tsaye bisa wani guntun katako mai taya huɗu. Yana cikin gudu sai ga matakala a gabansa. Sai ya ɗan durƙusa, ya daka tsalle. Katakon ya bi shi sama kamar an manna shi a tafin ƙafarsa. Su sauka tare, su wuce abinsu.

Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin yara. Wani ya ce da igiya aka ɗaure katakon. Wani ya ce ƙaro aka shafa wa takalmin. Wani kuma ya ce ai dabarar masu haɗa bidiyo ce kawai. Duk ba haka ba ne. Katakon ba a ɗaure yake ba, kuma tsallen na gaskiya ne.

Da Faransanci ana kiran wannan abin wasa planche à roulettes, wato allo mai ƙananan tayoyi. Masu wasan kuwa, ko'ina suke a duniya, sket suke ce masa. Da Hausa za a iya kiransa allon zamiya.

Yadda aka ƙera shi

Tsawon allon kamar santimita 80 ne, faɗinsa kuma kamar santimita 20. Goshinsa da wutsiyarsa a ɗage suke kaɗan. An manna masa wata baƙar takarda mai kaushi a sama, irin wadda kafinta ke goge katako da ita, don kada takalmi ya zame.

Ba daga falle ɗaya na itace ake yanko shi ba. Siraran falle bakwai ake jerawa, a shafa masu gam, a danne su da inji mai ƙarfi har su zama abu guda. Ana gitta wasu fallayen a kan sauran, don kada allon ya tsage ta tsawonsa. Mutanen Gabon sun san wannan aiki ƙwarai. A dajinsu ne itacen okume yake fitowa. Inji yakan juya gungumensa yana feraye shi, falle yana fita kamar ana warware tabarma. Da shi ake yin katakon da ake kira contreplaqué. Tun daga 2010 Gabon ta hana fitar da gungumen da ba a sarrafa ba, saboda haka masana'antun feraye katako suka yawaita a Nkok, kusa da Libreville. Amma okume itace ne mara nauyi, mai taushi. Allon zamiya kuwa yana shan duka. Shi ya sa aka fi yin sa da wani itace mai tauri na ƙasashen sanyi, mai suna érable. Ganyensa ne ake gani a tutar ƙasar Kanada.

A ƙarƙashin allon akwai ƙarafa biyu, kowane yana riƙe da taya biyu. A cikin kowace taya akwai boris, wato zobe mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke sa taya ta juya ba gardama. Allon ba shi da sitiyari, ba shi da birki. In mai wasa ya karkata jikinsa dama, wata roba da ke cikin ƙarfen sai ta lotsa, tayoyin su juya dama. In yana son tsayawa, sai ya sauke ƙafa ɗaya ya ja ta a ƙasa.

Daga teku zuwa tudu

Asalin wasan daga bakin teku ne, a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Samarin can suna hawa wani dogon allo su bi igiyar ruwa. Ran da teku ya kwanta, sai su rasa abin yi. A cikin shekarun 1950 wasu suka kafa wa guntun katako tayoyi, suka koma bin gangaren titi. Tayoyin farko na ƙarfe ne, ga ƙara, ga santsi. Sai a farkon shekarun 1970 wani saurayi mai suna Frank Nasworthy ya fito da tayoyin wata irin roba mai kama ƙasa.

A 1976 da 1977 aka yi fari a Kalifoniya. Kwamin wanka da yawa da ke gidajen masu kuɗi suka zama wayam, ba ruwa. Kwamin nan na siminti ne, cikinsu a shafe kamar cikin ƙwarya. Samari suka riƙa shiga ciki da allunansu, su gangara ta wannan gefe, su haura ta wancan, har su fita sama da baki.

A 1978 wani yaro ɗan jihar Florida, Alan Gelfand, ya gano yadda zai tashi sama daga bakin irin wannan kwami ba tare da ya riƙe allon da hannu ba. Abokansa suna yi masa laƙabi da Ollie, sai aka sa wa tsallen sunansa: oli. A 1982 wani yaron, Rodney Mullen, ya nuna cewa ana iya yin oli a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba kwami, ba gangare. Wannan ne tsallen da yara ke gardama a kansa.

Sirrin oli

Duk wanda ya taɓa taka bakin kwano a tsakar gida ya san abin da ke faruwa: ɗaya gefen yakan yi wuf ya taso. Haka ma wanda ya taka bakin fartanya, sai ƙotar ta miƙe ta buge shi a ƙwauri. Da wannan ne oli yake farawa.

Mai wasa yakan sa ƙafar baya a kan wutsiyar allon, ƙafar gaba kuma wajen tsakiya. Sai ya durƙusa. Yayin da yake miƙewa zai yi tsalle, sai ya doka wutsiyar ƙasa da ƙarfi. Tayoyin baya su ne madogara. Wutsiya ta yi ƙasa, goshi ya yi sama. Wutsiyar tana bugun siminti, sai allon duka ya zabura ya bar ƙasa. Ana jin ƙarar bugun, ƙwas!

A wannan lokaci allon yana cikin iska a karkace, goshi sama. In an bar shi haka, faɗuwa zai yi. A nan ƙafar gaba take nata aikin. Mai wasa yakan kwantar da gefen takalminsa, ya goga shi a kan takardar nan mai kaushi, daga tsakiya zuwa goshi. Kaushin yana kama takalmin, takalmin yana jan allon sama. Da ƙafar ta kai goshi sai ta tura shi gaba, wutsiya ta taso, allon ya daidaita. Dole ne kuma mai wasa ya naɗe ƙafar baya da sauri. In bai ɗauke ta ba, ita ce za ta tare wutsiyar ta hana ta tashi. Daga nan sai ya sauka, ƙafafunsa a daidai saman tayoyi, gwiwoyinsa a lanƙwashe.

Duk wannan ba ya kai daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya iya rabe shi, shi ya sa ake zaton an manna allon. Amma takalmi yana ba da shaida. Duk mai yin oli, gefen takalminsa na gaba a cinye yake, wani ma har ya huje. Iyaye ba su cika son wannan ɓangare na wasan ba.

Daga oli ne sauran dabaru suka fito. In ƙafar gaba ta shuri gefen allon a cikin iska, sai ya yi juyi ɗaya kamar waina a tanda, mai wasa ya tare shi da ƙafafu. Rodney Mullen ne ya ƙago wannan ma. Da oli kuma ake hawa bisa bakin dakali ko ƙarfen matakala a zame a kai.

Malamin wasan: bidiyo

Wasan sket ba a aji aka koyar da shi ba. Bidiyo ne ya kai shi ƙasashe. A 1984 wani tsohon ɗan wasa, Stacy Peralta, ya ɗauki hoton samarin ƙungiyarsa mai suna Bones Brigade, ya fitar a kaset. Yara suka riƙa aron kaset ɗin, suna tsayar da hoto, suna mai da shi baya, don su ga inda ake sa ƙafa.

Mai ɗaukar hoton shi ma bisa allo yake. Yakan bi ɗan wasa a baya, ya sunkuya, kyamara kusa da ƙasa. Akwai kuma abin da bidiyo ba ya cika nunawa. Tsallen da ake kallo cikin daƙiƙa uku, wataƙila an wuni ana gwada shi ana faɗuwa kafin a dace.

Ranar 27 ga watan Yuni 1999, a birnin San Francisco, jama'a suka ga haka da idonsu. Tony Hawk, mai shekara 31, yana son ya tashi sama ya juya sau biyu da rabi kafin ya sauka. Ya yi shekaru yana neman wannan juyi bai samu ba. A daren nan ya faɗi kusan sau goma a gaban ƴan kallo. Lokacin gasar ma ya ƙare, amma aka bar shi ya ci gaba. Daga ƙarshe ya sauka daram bisa allonsa.

Irin su Tony Hawk, wasan ne sana'arsu. Kamfani yakan buga sunan gwani a ƙarƙashin allo, duk allon da aka sayar a ba shi rabonsa. Amma waɗanda ke ci da wasan ƴan kaɗan ne ƙwarai. Sauran duk don jin daɗi suke yi.

Wasan kuma ba na maza ba ne su kaɗai. A 2015 aka ɗauki bidiyon wata yarinya ƴar shekara 7, Rayssa Leal, a garin Imperatriz na ƙasar Brazil. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa, sannan ta tsallake matakala, allon yana juyawa a ƙarƙashinta. Bidiyon ya zaga duniya. A 2021, da aka sa sket cikin wasannin Olimfik karo na farko, a birnin Tokyo, ita ce ta zo ta biyu. Wadda ta zo ta ɗaya ƴar Japan ce, Momiji Nishiya. Dukansu biyu shekararsu 13.

A Afirka

Allo yana da tsada, don daga waje ake kawo shi. Amma abin da ya fi allo wuyar samu shi ne fili. Tayoyin ƙanana ne, ba su wuce ƙwan kaza ba. Ba su tafiya cikin rairayi. Tsakuwa ɗaya tak tana iya tsayar da taya cak, allon ya tsaya, mai shi ya wuce gaba ya kifa.

Shi ya sa masu wasan suka koyi aikin magina. Wajen 2006, a unguwar Kitintale ta birnin Kampala, a ƙasar Uganda, Jackson Mubiru da abokansa suka gina filinsu da hannunsu, da bulo da siminti. A Accra, babban birnin Gana, ƙungiyar Surf Ghana ta buɗe fili a watan Disamba 2021. A 2024 wata budurwa ƴar Afirka ta Kudu, Boipelo Awuah, ta yi wasa a gasar Olimfik ta birnin Paris.

A ƙasar Hausa rairayi ne abokin gābar allo. A Libreville kuwa ruwa ne. Ruwan saman da ke zuba a can cikin shekara ya kusa mita 3, alhali na Maradi kamar rabin mita ne. In allo ya jiƙe, fallayensa sukan kumbura su rabu, boris kuma ya yi tsatsa. Jiƙaƙƙen siminti yana da santsi. Saboda haka mai hankali yakan jira ƙasa ta bushe.

Ga kuma motoci. A bidiyo ana ganin samari suna wasa a titi, amma ba a nuna abokansu da ke tsaye a kwana suna duba hanya. Direba ba ya tsammanin yaro zai ɓullo masa bisa katako, yaron kuma ba shi da birki. Titin mota ba wurin koyo ba ne, kuma kama bayan mota don ta ja mutum ya fi kome haɗari. Targaɗe da karayar hannu suna warkewa. Bugun kai kuwa yana iya nakasa yaro har iyakar ransa. Don haka ake sa hular kwano, a ɗaura matashi a gwiwa da gwiwar hannu.

Mai koyo ba da oli yake farawa ba. Yakan fara tsayawa bisa allon a kan ciyawa ko tabarma, inda tayoyi ba su juyawa. Sannan ya koyi turawa da ƙafa ɗaya, da tsayawa, da yadda ake faɗuwa a mirgina maimakon a tokare da hannu. Bayan haka ne zai nemi dandamalin siminti inda mota ba ta shiga, kamar filin ƙwallon kwando na lakkwal bayan an tashi, in mushe ya yarda. Kafin ya ajiye allon a ƙasa, sai ya ari tsintsiya ya share wurin tas.

Tambayoyi

1. Don me ba a yin allon zamiya da falle ɗaya na itace?
2. Wane aiki ƙafar baya take yi a lokacin oli? Ƙafar gaba fa?
3. Me ya sa gefen takalmin mai wasa yake cinyewa?
4. A unguwarku, ina ne wurin da ya dace da wannan wasa, ina ne kuma bai dace ba?