Yadda Labari Ke Shiga Cikin Itace

A Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife akwai dogon mutum-mutumi na Oduduwa, wanda Yarbawa ke ɗauka kakansu na farko. Lamidi Fakeye ne ya sassaƙa shi. An haife shi a Ila Orangun a 1928, a gidan da sassaƙa take gado. Musulmi ne, amma sana'arsa ta haɗa shi da labaran abubuwan bautar Yarbawa na dā, da kuma labaran Littafi Mai Tsarki. To, yaya labarin da ake bayarwa da baki yake komawa itace?

Aikin yana farawa tun ba a ɗauki gizago ba. Sai masassaƙi ya san labarin ciki da bai, sannan ya yi ta tace shi har ya rage alama guda wadda mai kallo zai gane nan take. Shango, sarkin Oyo da ake dangantawa da tsawa, alamarsa gatari mai baki biyu. Eshu, ɗan aike tsakanin mutane da abubuwan bauta, ana gane shi da dogon tukku mai lanƙwasa ta baya. A ganina gwanintar tana nan, domin itace ba ya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, abu ɗaya kawai yake iya riƙewa. Haka ma yadda ake sassaƙa kan mutum da girma fiye da kima. Wanda bai sani ba zai ce masassaƙin ya kasa awo, alhali da gangan ake yi, saboda a tunanin Yarbawa kai ne mazaunin ƙaddarar mutum.

Daga nan sai a fuskanci gungumen. Ƙofa da ginshiƙi galibi da iroko ake yin su, saboda ƙarfinsa. Da farko a yi manyan sara da gizago, a fitar da siffa dunƙule. Kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa, don abin da aka sare ba ya komawa. Sai a rarraba sassa: ga kai, ga hannuwa, ga doki idan mahayi ne. Sai a bi da wuƙa a goge sawun gizago, aikin da yaran gida kan sa hannu a ciki. Na ƙarshe shi ne zane, wato idanu da kitso da tsagar fuska.

Wannan hanya ita Fakeye ya bi da ya gamu da labaran wani addini. A 1947 limaman Katolika, ciki har da Fada Kevin Carroll, suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti, inda Fakeye ya zama almajirin George Bamidele, ɗan shahararren masassaƙi Areogun. Masassaƙan wurin ba su kwaikwayi hotunan Turai ba. Sun nemi alamar da Bayarabe zai gane, sai Maryamu ta fito da zani, masu hikimar da Littafi Mai Tsarki ya ce sun zo daga gabas kuma suka fito da shiga irin ta sarakunan Yarbawa.

Daga baya aikin Fakeye ya kai Amurka, inda ya sassaƙa ƙofofi a Cibiyar Kennedy da ke Washington. A 1978 ya fara koyarwa a jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, kuma a garin ya rasu a Disambar 2009.