Taurarin da ƙura ta kwashe wa ƙarfe, da asalin uraniyum ɗin Arlit

A Assamakka, garin iyaka da Aljeriya mai nisan kilomita kusan 200 daga Arlit, dare na yi sai sama ta cika da taurari, don babu fitilun birni da za su dushe su. Baƙin hauren da Aljeriya ke korowa kan tako kilomita 15 a ƙasa kafin su iso garin, sau da yawa cikin dare.

Daga cikin taurarin da ke samansu akwai wasu tsofaffi da masana ke kira dangin RV Tauri. Sun kusa ƙare rayuwa, suna kumbura suna motsewa, haskensu na ƙaruwa yana raguwa cikin kwana 30 zuwa 150. Ɗaya daga ciki, R Scuti, wanda Edward Pigott ɗan Ingila ya gano a 1795, ana ganinsa da ido idan ya yi ƙarfi.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, da suka tantance hasken wasunsu, kamar AC Herculis, sai suka tarar ƙarfe da kalsiyam sun yi ƙaranci sosai, alhali tutiya da farar wuta ba su ragu haka ba. Bayanin da ya fi karɓuwa, wanda Hans Van Winckel na jami'ar Leuven ta Beljiyam ya yi aiki a kai, shi ne tauraron na da abokin zama, kuma faifan iska da ƙura ya kewaye su. Ƙarfe kan daskare da wuri ya manne a ƙwayoyin ƙura, hasken tauraron ya tura ƙurar waje, iskar da aka tace ta koma kansa. Kamar shiƙar gero ke nan, sai dai a nan tsabar ce ke tashi.

Uraniyum kuwa ba irin waɗannan taurari ke ƙera shi ba. Yana buƙatar tashin hankali mafi girma, kamar karon gawarwakin taurari biyu masu tsananin nauyi, irin wanda aka hango ranar 17 ga Agustan 2017. Wanda ke ƙarƙashin Arlit ya girmi duniya kanta, mai shekara biliyan 4.5. Daga baya ruwa ya wanko shi daga duwatsun Ayar ya jibge shi cikin dutsen yashi, inda ya taru har ya isa a haƙa.

Ƙasa ba ta sake haifar wani. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak na Akokan kuma ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ma'adinin ya ƙare, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, aka bar garin da tsibin sharar da ke fitar da tururi mai guba. A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da karɓe Somaïr daga hannun kamfanin Orano na Faransa.