Jinyar marayan ɗan akuya a gida: Abin da masu kiwo a Wudil ke fuskanta

Duk ranar Juma'a garin Wudil, mai nisan kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri, yakan cika da shanu da tumaki da awaki. Kasuwar Kara ta garin na cikin manyan kasuwannin dabbobi a Najeriya, kuma daga nan ake loda tireloli zuwa kudancin ƙasar.

Amma akwai wata dabbar da ba ta shiga lissafin dillalai, wato jaririn ɗan akuya ko ɗan tunkiya da ya rasa uwa. Wani uwar ta mutu wajen haihuwa. Wani uwar ta haifi uku alhali nononta biyu ne, sai ƙarfafan suka ture shi. Wani kuma uwar ce ta ƙi shi, musamman mai haihuwar fari. Akwai kuma akuyar da ta daɗe tana cin leda a bola, tumbinta ya cushe, ta rame har ba ta da ruwan nono.

Irin wannan maraya a cikin gida yake ƙarewa, a hannun mata da yara. Dalili kuwa shi ne a gidaje da yawa na ƙasar Hausa awaki dukiyar mata ce. Da su ake yi wa 'ya kayan ɗaki, a biya kuɗin makaranta, a sayi magani idan ciwo ya zo babu shiri. Akuya na ɗaukar ciki wata biyar, don haka matar da ta rasa uwa ta kuma rasa ɗan ta yi asarar jarinta da ribar kusan rabin shekara a lokaci guda.

Mutane da yawa sun riga sun yanke cewa maraya ba ya rayuwa. Gaskiya ne da yawa na mutuwa, sai dai galibin abubuwan da ke kashe su sanannu ne, kuma ana iya kauce musu da kayan da ke cikin gida.

Dakashi kafin komai

Ana haihuwar ɗan akuya da ɗan tunkiya ba tare da garkuwar jiki daga uwa ba. Ba kamar ɗan'adam ba, mahaifar waɗannan dabbobi ba ta barin sinadaran kariya su ratsa zuwa ga ɗan tun yana ciki. Duk kariyarsa tana cikin dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya.

Hanjin jaririn na iya tsotse waɗannan sinadarai ne kawai a sa'o'in farko. Ƙarfin tsotsewar na raguwa da sauri bayan sa'o'i shida, kuma idan ya kwana ya wuni ƙofar ta rufe. Dakashin da aka ba shi a rana ta uku abinci ne kawai, ba rigakafi ba.

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce ya sha aƙalla kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a ranar farko. Ɗan jar akuya, wadda aka fi sani da akuyar Sakkwato ko ta Maraɗi, yakan zo duniya da nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai kilo biyu ke nan yana buƙatar mililita 200, ƙasa kaɗan da rabin ledar fiya wata, a raba masa sau huɗu ko biyar.

Idan uwar ta mutu, mafi kyau shi ne a nemi wata akuya ko tunkiya a maƙwabta da ta haihu a ranar, a tatso. Idan babu, dakashin saniya ma yana aiki, kuma a yankin Wudil da ke da rugage ba abu ne mai wuyar samu ba. Wasu na kaɗa ɗanyen ƙwai a madara su ba shi. Wannan na ba da ƙarfi, amma ba ya maye gurbin dakashi.

Abu na biyu a ranar farko shi ne cibiya. Jiƙaƙƙiyar cibiya hanya ce a buɗe ga ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin turke. A tsoma ta cikin ruwan ayodin. Wanda ba a yi wa haka ba sau da yawa bayan mako ɗaya ko biyu za a ga gwiwoyinsa sun kumbura yana ɗingishi, kuma masu gida kan ɗauka taka shi aka yi.

Sanyi ya fi yunwa saurin kisa

A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin dare a Kano kan sauka ƙasa da digiri 15. Jaririn da ba shi da uwar da za ta lashe shi ya bushe, kuma cikinsa babu komai, zai iya sandarewa kafin asuba.

Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 39 da 40. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya sa yatsa a bakinsa. Idan bakin da ɗumi kuma ya kama yatsan yana tsotsa, da sauran ƙarfi. Idan bakin ya yi sanyi, kai ya langaɓe, to ana cikin haɗari.

A nan ne tausayi ke jawo ɓarna. Mai jinya na ganin ya galabaita sai ta buɗe bakinsa ta ɗura madara. Dabbar da ba ta iya riƙe kanta ba ta iya haɗiya, madarar sai ta bi ta huhu. Wani ya mutu nan take, wani bayan kwana biyu da ciwon huhu.

Ɗumama shi ake fara yi. A goge shi da busasshen tsumma, a sa shi cikin kwali da aka shimfiɗa wa buhu, a cika gorar roba da ruwan ɗumi a naɗe ta da zane a ajiye a gefensa. Idan ya ɗaga kai ya fara neman abin tsotsa, sannan a ba shi.

Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne ga dabbar da mutanen da ke kwance a ɗakin, saboda iskar gawayi na kisa ba tare da wari ba.

Wace madara, kuma ta yaya?

Madarar akuya ce ta fi dacewa da ɗan akuya. Bayan ta sai ɗanyar madarar shanu, a tafasa ta, a bari ta huce zuwa ɗumin jiki. Ɗan tunkiya ya fi wahala, domin nonon tunkiya ya fi na saniya maiƙo nesa ba kusa ba, shi ya sa wanda aka raina da madarar shanu yakan yi jinkirin girma.

Nonon da ake dama fura da shi bai dace ba, don an riga an cire mansa kuma ya yi tsami. Madarar gari da ake aunawa a kasuwa kuma galibi an cire mata man shanu an sa man itatuwa. Idan ita kaɗai ake da ita, a riƙa dama ta da ma'auni ɗaya kullum, domin sauya kauri yau da gobe na ɓata ciki.

Koko da kunu su ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi idan madara ta yi tsada, kuma su ne suka fi cutarwa a makonnin farko. Cikin akuya kashi huɗu ne, amma a jariri na huɗun ne kawai ke aiki. Tumbin da ke narkar da hatsi da ciyawa bai buɗe ba tukuna. Kunun da aka ba shi sai ya zauna ya yi tsami, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya.

Yadda ake riƙe shi ma yana da muhimmanci. Idan yana tsaye da ƙafafunsa, wuya a miƙe, yana tsotsa da kansa, akwai wata 'yar hanya a cikinsa da ke naɗewa ta kai madarar kai-tsaye inda za ta narke. Idan aka kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, ko aka ɗura masa da kofi, madarar na iya zubewa cikin tumbi ko huhu. Fidar jarirai tana aiki, amma kada hudar ta yi faɗi. Idan aka kifa ta, ɗigowa ya kamata ta yi, ba zuba ba.

Kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana a makon farko, har da cikin dare, ya fi a cika masa ciki sau biyu. Maraya kullum kuka yake kamar bai ci ba, kuma yaran gida ba sa jure kukan. Da yawa ƙoshi ne ke kashe su.

Akwai hanyar da ta fi duk wannan sauƙi idan an dace: a haɗa shi da akuyar da ɗanta ya mutu. Akuya da wari take gane ɗanta, don haka akan shafa wa marayan ruwan haihuwarta, ko a riƙe ta ya sha sau da yawa a rana har ta saba.

Idan zawo ya kama shi

Zawo shi ne babban ciwon marayu. Abin da ke kashewa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Alamominsa su ne idanu su faɗa, baki ya bushe, kuma idan aka ja fatar wuya aka saki sai ta tsaya ba ta koma da sauri ba.

Iyaye mata sun san ruwan gishiri da sukari da ake yi wa yara, kuma da yawa shi suke haɗa wa dabbar. Matsalar ita ce jaririn akuya, ko na tunkiya, ko ɗan maraƙi, ba ya iya narkar da sukarin shayi. Sai ya wuce hanji yadda yake, ya ƙara jawo ruwa, zawon ya tsananta. Abin da jikinsa ke karɓa shi ne gulukos. Ƙunshin ORS da ake sayarwa a kemis da gulukos aka yi shi, don haka ya fi haɗin gida. A dama shi yadda aka rubuta a jiki, a riƙa ba shi tsakanin lokutan madara.

Kada kuma a yanke masa madara kwana da kwanaki da sunan hutar da ciki. Ba shi da kitsen da zai rayu a kai.

Kafso mai ja da rawaya da ake ɓarewa a zuba a ruwa ya zama maganin komai a gidaje da yawa. Sai dai zawon marayu sau da yawa daga yawan madara ne, ko ƙazantar fida, ko ƙwayoyin cutar da wannan magani ba ya taɓawa. Zawo mai jini a ɗan wata ɗaya zuwa biyu, alal misali, yawanci wata ƙwayar hanji ce da ke yaɗuwa a jiƙaƙƙen turke, kuma maganinta daban ne.

Idan aka ga jini a kashi, ko numfashi da ƙyar tare da majina, ko kumburin gwiwa, ko ya ƙi tsotsa sau biyu a jere, jinyar gida ta ƙare. Sai a nemi likita ko malamin dabbobi.

Su ma mutanen gida suna buƙatar kariya. Wasu cututtukan da ke sa dabbar zawo suna kama ƙananan yara, don haka a wanke hannu da sabulu, kuma kada fidarsa ta haɗu da kwanukan abinci. Ƙurajen da ke fitowa a leɓen 'yan awaki suna iya kama hannun mai ba su madara. Mace mai ciki kuma ta nisanci mabiyiya da ruwan haihuwar dabba, musamman wadda ta yi ɓari, saboda cutar bakkale da makamantanta.

Haɗarin da ke zuwa daga kasuwa

Zama kusa da babbar kasuwa yana da nasa farashin. Dabbobi daga garuruwa da ƙasashe daban-daban na cakuɗuwa a wuri ɗaya, kuma wadda aka sayo ko aka kai ba a sayar ba aka dawo da ita na iya shigo da cuta gida.

Wadda aka fi tsoro ita ce PPR, annobar awaki da tumaki mai zuwa da zazzaɓi, majina, ƙurajen baki, tari da zawo. An fara gano ta a Kwaddibuwa a shekarar 1942. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce tana iya kama kashi 90 cikin ɗari na garke, ta kashe har kashi 70 na waɗanda ta kama. A 2015 aka ƙaddamar da shirin kawar da ita daga duniya zuwa 2030, a wani taro a Abidjan.

Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar, kuma allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara uku. Ana yi wa 'yan awaki ita ne daga wata uku zuwa huɗu, lokacin da kariyar da suka samu daga dakashi ta fara ƙarewa. Marayan da bai sha dakashi ba ba shi da wannan kariya tun farko, don haka duk dabbar da ta fito daga kasuwa a ɗaure ta nesa da shi na mako biyu zuwa uku.

Daga mako na biyu za a ga ya fara taɓa harawa da baki. A ajiye masa mai laushi, ta wake ko ta gyaɗa, da 'yar dusa da ruwa mai tsabta a kwano, don da su ne tumbin ke buɗewa. Ana rage madara a hankali, a yaye shi tsakanin wata biyu da uku, idan an ga yana cin abinci sosai yana tuƙa.

Wanda aka raina a hannu ba ya tsoron mutane. Yana bin mai ba shi madara har madafa, yana kwana a bakin ƙofarta. Idan ɗan rago ne, wannan sabo yakan zama matsala bayan ƙaho ya fito, domin ragon da ya ɗauki mutane abokan wasansa shi ne ke tunkuyin yara. Shi ya sa da zarar ya warke ya kamata a mayar da shi cikin sauran dabbobi a turke, a riƙa kai masa madararsa can.