Zogalen Tsakar Gida: Yadda Za Ki Gane Shi, Da Lokacin Da Ya Kamata Ki Datse Shi

Uwargida, sau nawa kika tura yaro ya hau katanga don tsinko miki ganyen zogale, saboda bishiyar ta fi ƙarfin hannunki? Zogale na da saurin girma: a shekara ɗaya yana iya kaiwa tsawon mita 3 ko fiye. Idan aka ƙyale shi, sai ya miƙe siriri, ganyen ya koma can ƙololuwa. Ga icensa ba ƙwari, reshe na iya karyewa da yaro a kai, ko iskar farkon damina ta yar da shi inda yara ke wasa.

Kafin komai, ki tabbata zogalen ne, musamman idan da kansa ya tsiro. Ganyensa ƙanana ne masu ɗan zagaye, jere bibbiyu, da guda ɗaya tilo a ƙarshen kowane sili. Furensa fari ne mai ƙamshi, 'ya'yansa dogaye masu kusurwa uku, kowace ƙwaya kuma tana da fukafukai uku kamar takarda. Idan kika ga fure ruwan ɗorawa da ganye mai tsini, wannan rai-ɗore ne, ki hana yara wasa da 'ya'yansa, don cin su na cutarwa.

Datsa ta farko tun yana ƙarami ake yi. Da ya kai kamar tsawon ƙugunki, ki tsinke kan da yatsu. Maimakon ya ci gaba da tafiya sama, sai ya fitar da rassa ta gefe. Su ma idan sun yi tsawo ki tsinke bakinsu, a haka zai yi cunkus da ganye daidai hannu.

Wanda ya riga ya wuce rufin ɗaki fa? Kada ki ji tausayinsa. A ƙarshen rani, kafin iskar damina ta fara, a sare shi a bar kamar mita 1 daga ƙasa. A yi amfani da adda mai kaifi, a sara a karkace don kada ruwa ya kwanta a wurin ya ruɓar da icen. Cikin 'yan makonni za ki ga sabon toho. Sai dai idan kina son iri, ki bar bishiya ɗaya ta yi fure.

Rassan da aka sare ba na shara ba ne. Ki zaɓi mai kauri, ki binne kashi ɗaya cikin uku a ƙasa, zai kama. Ganyen kuwa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ragowar a shanya a inuwa, domin rana tana rage masa amfani.

Ke yaushe kike datse naki? Faɗa mana a ƙasa, wata uwar ta ƙaru.