Kada A Yar Da Tsohuwar Kwamfutar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, mun san akwai ƙungiyoyin da tsohuwar kwamfutarsu ta kan tebur ta yi nauyi, har an lulluɓe ta da zane an koma ga littafi. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, manhajar da ke tafiyar da shi ce ta fi ƙarfinsa.

Akwai wata manhaja, Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, kowa yana da izinin ya kwafa ya ba maƙwabcinsa. Mu dai mun fi son Linux Mint mai Xfce, gama ba ta da nauyi. Tana bukatar RAM 2GB da fili 20GB.

Kafin kome, sai magatakarda ya kwashe lissafin bashin taki da sunayen membobi zuwa filas, ya buɗe su a wata kwamfuta ya tabbata sun shiga. Kada a yi wasa da wannan, domin in aka zaɓi share faifai duka, abin da ke ciki ya tafi ke nan.

Sa'an nan a sauko da Linux Mint daga intanet, a rubuta ta a wani filas dabam da manhajar Rufus. A soka shi, a kunna injin ana danna F12 (waɗansu injuna Esc suke so). Za ta buɗe ba tare da ta taɓa faifai ba. A gwada firinta tukuna, in ta yi, sai a danna Install. A tanadi janareta, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Tsofaffin takardun Excel kuwa, LibreOffice Calc da ke cikinta tana buɗe su.