Asibitin Sa-kai na Al'umma: Mafita ga Ɗan Kasuwar da Ba Shi da Inshorar Lafiya

Iyaye da 'yan uwa na Tiendpalogo da kewaye.

A shekarun da na yi ina aikin jinya a cikin unguwa, akwai wani labari da na gani ya fi a ƙirga. Magidanci ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai sayar da goro ko yadi, ya yi watanni yana fama da ciwon ƙeya. Ya sayi ƙwayoyi wurin mai talla, ya sha, ya koma rumfa. Ya san hanyar gidan likita sarai, amma ya yi lissafi: kuɗin ganin ma'aikaci, kuɗin awo, kuɗin takardar magani, ga cinikin yini guda da zai rasa. Sai ya ce bari kasuwa ta buɗe tukuna. Ranar da ya zo, ɗauko shi aka yi, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Abin da iyalinsa suka kashe cikin mako guda ya ninka abin da ya yi ta gudu, jari kuma ya bi lafiya. Awon da zai nuna hawan jininsa tun da wuri bai fi minti biyar ba.

Saboda irin wannan bawan Allah ne al'ummomin Musulmi a wurare da dama suke kafa ƙananan asibitoci na kyauta, waɗanda ma'aikatan lafiya ke riƙewa don Allah. Wannan takarda za ta bayyana yadda irin wannan wuri yake aiki, da iyakarsa, da abin da yake bukata daga gare mu.

Wa aka ɗauke wa nauyi, wa ya rage?

Tun bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, tsarin ƙasashenmu shi ne majinyaci ya biya wani abu a ƙaramin asibiti, a yi amfani da kuɗin wajen sake sayen magani. A nan Burkina Faso an sassauta wannan a 2016, lokacin da gwamnati ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, tare da awon ciki, da haihuwa har da ta tiyata, da binciken sankarar bakin mahaifa da ta nono. Maganin tarin fuka kyauta ne, haka ma maganin da ke danne cutar sida. Duk damina kuma ma'aikata suna bin gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na ƙananan yara. Wannan haƙƙinku ne, ku neme shi a CSPS mafi kusa da ku.

Wanda ya rage shi ne babba: uba mai rumfa, uwar da ta wuce haihuwa, yaron shago, ɗan dako, tsoho. An kafa dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa a 2015, aka buɗe asusunta a 2018, amma har yanzu yawancin masu sana'ar kansu daga aljihu suke biya. Mai fatauci kuwa nasa ya fi wuya. Gana ta kafa inshorarta tun 2003, Najeriya ta yi dokar da ta wajabta inshora a 2022, Nijar tana da nata tsarin na kyauta ga yara, amma katin wata ƙasa ba ya aiki a wata. Wanda ke kai da kawowa tsakanin Wagadugu da Kumasi, ko Yamai da Kano, baƙo ne a kowane asibiti ya shiga.

A dā Zango yana da tasa hanyar. Baƙon da ya kwanta ciwo yana wuyan mai masaukinsa, maƙwabta kuma su yi karo-karo. A 2003 shirin ZACA ya rushe Zangouettin da sassan unguwannin da ke kewaye da ita, har da tamu, aka mayar da iyalai wajen Ouaga 2000 da Nioko. A shekarar ce kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Waɗanda katanga ɗaya ta raba a dā, yau sai sun hau babur kafin su gaisa. Wurare biyu ne suka ci gaba da haɗa mu, masallaci da kasuwa, don haka a nan ne ya kamata taimakon ya samu mazauni.

Abu ne mai asali

Jinyar marasa ƙarfi da dukiyar al'umma tsohuwar al'ada ce a Musulunci. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira, ya tsayar masa da waƙafi, ana duba mai kuɗi da talaka ba tare da an karɓi komai ba. A wannan zamani, a birnin Los Anjeles na Amurka, wasu ɗalibai Musulmi masu karatun likita sun buɗe asibitin UMMA a 1996, a wata unguwar talakawa da tarzomar 1992 ta ɗaiɗaita. Yawancin masu zuwa wurin ba Musulmi ba ne, kuma aikin ya ɗore har gwamnati ta shigar da shi cikin waɗanda take tallafa wa. A Najeriya ƙungiyar likitoci Musulmi ta IMAN tana fita duba marasa lafiya kyauta a garuruwa da ƙauyuka, gidauniyar Al-Basar mai asibitin ido na Makka a Kano tana yin aikin yanar ido kyauta lokaci-lokaci, 'yan agajin ƙungiyoyin addini kuma kowa ya san su a bakin asibiti da filin idi. A nan gida, ƙungiyoyi irin su AEEMB da CERFI suna tattare da 'yan boko Musulmi, cikinsu har da likitoci da ma'aikatan jinya. Ke nan masu ilimin muna da su.

Yini ɗaya ba ya isa

Da yawanku kun taɓa halartar ranar duba marasa lafiya kyauta, wadda akan shirya gab da azumi ko lokacin wani taro. Tana da amfani, domin a nan ne mutum yakan fara jin cewa jininsa ya hau. Amma hawan jini, wanda muke kira tansiyo, da ciwon sukari, ba sa warkewa da maganin kwana goma. Abokan zama ne, ana lallaɓa su har ƙarshen rai. Wanda aka ba maganin wata ɗaya, ya ƙare, bai samu wanda zai sake auna shi ba, ya koma inda ya fito, wataƙila ma da zaton ya warke.

Abin da ke raba asibitin sa-kai da wancan taro shi ne dawwama. Ɗaki ɗaya ya isa, a gefen masallaci ko makarantar Islamiyya, muddin yana da ƙofa da labule da wurin wanke hannu. Ana buɗe shi rana ɗaya tsayayya kowane mako, a lokacin da bai ci karo da ciniki ba. Ma'aikatan da ke da takardar shaida suna karɓa-karɓa, kowa da ranarsa, kuma a samu mace a cikinsu saboda iyayenmu mata. Matasa suna tsara layi, suna rubuta suna, suna yin tafinta tsakanin Hausa da Mosanci da Faransanci. Kayan aikin ba su da yawa: abin awon jini, abin awon sukari, sikeli, abin auna zafin jiki, da littafin da ake rubuta kowane majinyaci.

Abin da za a yi muku a can

Za a auna jininku bayan kun zauna kun huta. Idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu dabam-dabam, hawan jini ne. A Wagadugu da Yamai za ku ji an ce 14 da 9, a Kano da Kumasi a ce 140 da 90. Abu ɗaya ne, kada bambancin ya ruɗe ku. Sukari kuma, idan aka auna da safe kafin a ci komai ya kai giram 1.26 a lita, wanda a Najeriya da Gana ake rubutawa 126 ko 7, sai a sake awo don a tabbatar. Wanda ya zo da zazzaɓi za a ɗiga jinin yatsarsa a gwada, cikin kamar minti 20 a san ko na sauro ne. Wannan gwaji ya ƙara muhimmanci tun annobar zazzaɓin dengi ta 2023 a Wagadugu da Bobo, domin mai dengi idan ya sha asfirin ko ibuprofen ko diclofenac yana iya zubar da jini. Kafin a gwada, farasitamol kaɗai ya halatta.

Za a kuma zauna a yi muku bayani, abin da cunkoson babban asibiti ba ya bari. Gishirin da babba ke bukata a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa suna cikin lissafi. Mai ciwon sukari ya zo a duba shi tun kafin watan Ramadan, a daidaita masa lokacin shan magani, ko a gaya masa gaskiya idan azumin zai cutar da shi. Maganin da za a rubuta zai kasance na asali marar sunan kamfani, irin wanda CAMEG ke rarrabawa a ƙasar nan. Aikinsa ɗaya da mai kwali mai ƙyalli, kuɗinsa kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda iyakarsa take

Asibitin sa-kai ba ya tiyata, ba ya karɓar haihuwa, ba ya ƙarin jini, ba ya kwantar da majinyaci. Idan fuska ta karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure da ciwo, ko mai ciki ta ga jini, ko yaro ya yi jijjiga ko ya kasa shan nono, kada a jira ranar buɗewa. A nufi babban asibiti nan take: Yalgado Ouédraogo, ko Bogodogo, ko Tengandogo, yara kuma Charles de Gaulle. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce.

Akwai kuma sharuɗɗan da ya wajaba jama'a su tsaya a kansu. Ba a buɗe wurin duba marasa lafiya sai da izinin Ma'aikatar Lafiya da sanin babban likitan gundumar, kuma wurin ya ƙulla hulɗa da CSPS na yankin, yadda takardar turawa da ya rubuta za ta samu karɓuwa. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da mutum likita: wanda ba shi da shaidar aiki ba ya yin allura, ba ya rubuta magani. Ba a karɓar ragowar magani daga gidaje, ko wanda lokacinsa ya wuce. Sirrin majinyaci amana ne, ko liman da ya ba da ɗakin ba shi da ikon buɗe littafin. Ƙofa kuma a buɗe take ga kowa, Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, ɗan gari da ɗan gudun hijirar da rashin tsaro ya koro daga ƙauyensa.

Kyauta ma da mai biya

Ma'aikaci zai iya ba da lokacinsa, amma tsinken awon sukari da safar hannu da magani sai an saya. Wuraren da suka dogara da attajiri ɗaya sukan rufe ranar da kasuwarsa ta karye ko ya rasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku yi wannan lissafi: 'yan kasuwa 200, kowa ya ba da dala ashirin, wato sefa 100, kowace Juma'a. Jika 20 ke nan a mako, fiye da miliyan ɗaya a shekara. Adashe ne irin wanda muka saba, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. A kan wannan sai a ɗora sadaka da waƙafi, kamar shagon da za a tsayar da kuɗin hayarsa don sayen magani. Zakka kuwa tana da waɗanda aka iyakance ta gare su, saboda haka a ware asusunta dabam, a biya wa matalauta magani da ita bisa shawarar malamai. Mai riƙe kuɗi ya zama dabam da mai sayayya, kuma a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata. Inda aka ɓoye lissafi, zargi yakan riga ciwo kashe aikin.

Abin da ke kanku

Idan za ku zo, ku taho da duk kwalayen maganin da kuke sha, har da na gargajiya da na mai talla, ba wanda zai yi muku faɗa. Ku sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta awonku da sunan maganinku na asali, domin sunan kamfani yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa amma na asali ba ya canjawa. Littafin ya zauna tare da katin shaidarku. Mai tafiya Lome ko Kwatano ko Kano ya ɗauki maganin da zai kai shi ya dawo da shi, da ɗan ƙari saboda jinkirin hanya. Kada ku daina sha don kun ji sauƙi, sauƙin daga maganin yake.

Alhaji, idan ɗanka ko 'yarka ma'aikacin lafiya ne, ka nema mana awa uku a wata daga gare shi. Hajiya, ki kai maganar wurin adashe da walima. Shugabannin layukan kasuwa da kwamitocin masallatai, ku zauna da ma'aikatan lafiyar unguwa, a tsayar da ɗaki da rana, a je a nemi izini. Kafin nan, duk wanda ya haura shekara 40 kuma bai auna jininsa a bana ba, ya tsaya a CSPS ko kantin magani cikin wannan mako ya auna. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a nema.