Yadda A Ke Zaɓen Faffaɗan Allo Domin Kwamfutar Cinya

 Tun da na dawo daga gwajin koyarwa, 'yan'uwana ɗalibai su kan leƙo ɗakinmu su ga dogon allon nan da na ke jona wa kwamfutata, su tambaye ni inci nawa ne, nawa kuma na saya. Ni kuwa na kan ce musu waɗannan tambayoyi biyu su ne na ƙarshe, gama akwai waɗansu da ya kamata mutum ya fara yi wa kansa. Saboda haka na ga ya kyautu in rubuta abin da na koya, domin kada wani ya tara kuɗinsa da wahala ya je ya yi cinikin biri a sama.

Bari in fara da dalilin da ya sa na nemi allon. A zangon da ya wuce an tura ni wata makarantar firamare, aka ba ni aji biyar, yara 52. Da aka gama jarrabawa, Hedimasta ya ce in shirya jadawalin maki cikin kwamfuta. Ko wane darasi yana da gida uku, watau gwaji da jarrabawa da jimla. Allon kwamfutata kuwa inci 14 ne, ba ya nuna ko rabin gidajen. In na tura jadawalin domin in kai ga Lissafi, sai sunayen yara su ɓace a hagu. Da haka idona ya zame layi ɗaya, na zuba makin wata yarinya a layin yaron da ke ƙarƙashinta, nasa kuma a nata. Yarinyar da ya kamata ta zo ta uku sai ta koma ta goma sha tara. Ta tafi gida tana kuka, kashegari mahaifinta ya zo da takardun amsarta a hannu. An gyara kuskuren, amma kunyar da na sha ran nan ba zan manta da ita ba. Tun daga lokacin na ƙudura sai na sami allon da zai nuna mini aikina gaba ɗaya.

To, mene ne faffaɗan allo? Allon kwamfuta da muka saba gani, in faɗinsa taki 16 ne, tsayinsa taki 9 ne, shi ya sa a ke rubuta 16:9. Faffaɗan allo kuwa 21:9 ne, watau an ƙara masa faɗi wajen kashi ɗaya cikin uku, tsayi kuwa an bar shi yadda ya ke. Kamfanin LG ya fito da irinsa mai inci 29 a ƙarshen shekarar 2012. Akwai kuma wanda ya fi wannan, mai 32:9, inci 49, wanda Samsung ya fito da shi a 2017. Shi kamar alluna biyu ne masu inci 27 aka haɗa gefe da gefe, faɗinsa ya kusa santimita 120. Amfanin faffaɗan allo ga malami shi ne ya buɗe takarda biyu a lokaci guda, littafin da ya ke dubawa a hagu, shirin darasin da ya ke rubutawa a dama, ba sai yana rufe wannan yana buɗe wancan ba.

Abu na fari da za ku lura da shi shi ne inci yana da ruɗi. Ba faɗin allo a ke aunawa ba, ba kuwa tsayinsa ba, daga kusurwa zuwa kusurwa a ke aunawa. Faffaɗan allo mai inci 29 faɗinsa wajen santimita 68 ne, tsayinsa wajen 29, watau tsayinsa ɗaya da allo na yau da kullum mai inci 23. Mai inci 34 kuma faɗinsa wajen santimita 80, tsayinsa wajen 33, daidai da tsayin mai inci 27. Wanda ya ji an ce inci 29 ya zaci wani babban abu ne, sai ya gan shi gajere kamar allon ƙofa.

Abu na biyu, kuma ya fi inci muhimmanci, shi ne yawan ɗigo. Ko wane hoto da ko wane harafi da ke kan allo an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu haske, waɗanda a ke kira fiksel. In kun ga an rubuta 2560 sau 1080, ma'anarsa ɗigo 2560 a jere daga hagu zuwa dama, layi 1080 daga sama zuwa ƙasa. Yawan ɗigon nan shi ne ya ke faɗin yawan aikin da allo zai ɗauka. Allo mai inci 34 da ke da ɗigo 3440 sau 1440 yana da ɗigo kusan miliyan biyar, wajen 110 cikin ko wane inci, rubutu ya kan fita sumul a kansa. Mai inci 29 da ke da 2560 sau 1080 yana da wajen 96 cikin inci, shi ma ba laifi. Amma akwai mai inci 34 wanda ɗigonsa 2560 sau 1080 ne kaɗai, wajen 82 cikin inci. Wannan shi ne tarkon da ya kama abokin ɗakina. Ya saye shi domin ya ga girma da araha, sai ya tarar gidajen jadawalin da ya ke nunawa daidai su ke da na mai inci 29, haruffa ne kawai suka kumbura, bakinsu ya yi gaushi. Araha dai ba ta ado.

Abu na uku shi ne kwamfutarku kanta, a nan ne kuwa ya kamata ciniki ya fara. Allo ba ya yin hoto da kansa, kwamfuta ce ta ke aika masa ta waya, sau da yawa cikin ko wace daƙiƙa. Yawan aikawar nan shi a ke rubuta wa Hz. In hoto yana sabuntuwa sau 60 a daƙiƙa, ya isa aikin rubutu da jadawali. In ya sauka zuwa 30, sai ku ga kibiyar maus tana jan ƙafa, ido kuwa ya gaji da wuri. Kafar da a ke jona wayar tana da iyakar abin da ta ke iya ɗauka, kamar yadda bututu ba ya wuce da ruwan da ya fi bakinsa.

Kafar HDMI iri-iri ce, ko da ya ke bakinsu ɗaya ne a ido. Tsohuwar, mai lamba 1.4, wadda ta fito a 2009, tana ɗaukar 2560 sau 1080 a kan 60 ba tare da wahala ba. Amma in aka ɗora mata 3440 sau 1440, kwamfutoci da yawa ba su wuce 30 ko 50. HDMI 2.0, wadda ta fito a 2013, tana iya kai shi 100. Haka kuma kafar DisplayPort 1.2. Ku nemi lambar ƙirar kwamfutarku, ya kan kasance a rubuce a ƙarƙashinta, ku duba takardar bayaninta ku ga wace kafa ta ke da ita tun kafin ku bar gida.

Sababbin kwamfutoci suna da ƙaramar kafar nan USB-C. Tana da daɗin aiki ƙwarai, gama waya ɗaya tak tana iya kai hoto ga allo, ta kuma dawo da wuta ta yi wa kwamfuta caji. Amma ba ko wace USB-C ce ke fid da hoto ba. Sai wadda takardar bayani ta ce tana da DisplayPort ko Thunderbolt. Sa'an nan ku duba jikin cajarku ku ga wat nawa aka rubuta. In 65 ne, ku nemi allon da ke ba da wat 65 ko fiye, in ba haka ba batir yana iya raguwa ko da waya tana jone. Wayar kanta ma abin lura ce. Irin wadda mu ke yi wa wayar hannu caji da ita yawanci ba ta ɗaukar hoto, kuma wayar USB-C ta yau da kullum ba ta wuce wat 60. Har wa yau akwai kwamfutocin da ba su karɓar allo fiye da ɗaya a waje, kamar MacBook Air mai M1 na shekarar 2020. Ga mai irin wannan, faffaɗan allo guda ya kan tsaya masa a madadin biyu.

Abu na huɗu shi ne irin gilashin. Wanda a ke kira IPS launinsa ba ya sakewa ko an kalle shi daga gefe, ya dace da mutum biyu su zauna su duba aiki tare. VA baƙinsa ya fi zurfi, amma launi ya kan ɗan kauce a gefe. OLED ya fi su kyaun hoto, ya fi su tsada, kuma abin da ya daɗe a wuri ɗaya a kansa yana iya barin tabo, saboda haka ban ga dacewarsa da mai wuni kan jadawali ba. Waɗansu alluna kuma a lanƙwashe su ke, za ku ga an rubuta 1800R ko 1500R ko 1000R. Lambar nan nisa ce daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta cikin milimita, watau in lamba ta yi ƙanƙanta lanƙwasa ta fi yawa. A inci 34 lanƙwasa kaɗan tana taimakon ido ya kai gefe da gefe. A inci 29 miƙaƙƙe ya isa. 'Yan'uwanmu masu koyon zanen gini da na injuna kuwa miƙaƙƙe ya fi musu, domin layi ya fito a miƙe.

Abu na biyar shi ne tebur da wuta. Ku auna teburinku da awo, faɗi da zurfi. Ya kamata allo ya yi nisan tsawon hannu daga fuska, bakinsa na sama kuwa ya yi daidai da ido ko ƙasa kaɗan, domin kada wuya ya yi ciwo. Teburin ɗakin kwananmu ba shi da zurfi, in aka ɗora mai inci 34 ba sauran wurin littafi. Ku tuna kuma za ku bukaci kibod da maus na dabam in za ku ture kwamfutar gefe. Game da wuta, kwamfutar cinya tana da batir, allo kuwa ba shi da shi. Da an ɗauke wuta ya mutu. Mai aiki da sola ko inbata sai ya duba bayan allon ya ga wat nawa ya ke ci, ya yi lissafi. Da damina kuma a zare shi daga soket in hadari ya taso, gama tsawa ba ta san tsadar kaya ba.

Yanzu ga yadda nawa cinikin ya kasance. Na tara kuɗi wata biyar daga abin da na ke samu na koya wa yara darasi da yamma. Niyyata mai inci 34 ce, mai 3440 sau 1440. Amma wani malaminmu ya ce in tafi da kwamfutata kanti, gama gani ya kori ji. Da muka jona, hoto ya fito da kyau, mai kanti ya ce, "Malam, ka ga ni ai, kamar dominka aka yi shi." Na buɗe wurin saitin allo, sai na ga 30. Na motsa maus, kibiya tana tafiya kamar mai jin barci. Kwamfutata tsohuwa ce, HDMI 1.4 ta ke da ita. Na ce a kawo mai inci 29, ya ba da 60 nan take. Na buɗe jadawalin nan da ya ba ni kunya, na ga sunan yaro da makinsa a layi ɗaya har kusa da jimla, gama daga ɗigo 1366 na allon kwamfutata na koma 2560. Shi na saya, ragowar kuɗin na sayi kibod da maus. Da na bi son zuciyata da na biya ƙari domin abin da kwamfutata ba ta iya ɗauka.

In na hannu za ku saya, ku buɗe farin shafi ya cika allon, sa'an nan baƙi, da ja, da kore, da shuɗi, ku duba a hankali ko akwai mataccen ɗigo ko layi. Ku gwada ko wace kafa da ke bayansa, ku kuma karɓi rasit.

Ba zan rufe ba sai na faɗi gaskiya, ba kowa ne ke bukatar faffaɗan allo ba. Daga baya aka nuna mini wani umarni cikin Excel mai suna Freeze Panes, wanda ya ke kafe gidan sunaye ya tsaya wuri ɗaya ko an tura jadawali. Da na san shi tun fari, da yarinyar nan ba ta yi kuka ba, ba kuwa a biyan ko kwabo. Kuma in kuna koyarwa ta intanet kuka nuna wa yara faffaɗan allo gaba ɗaya, rubutu zai yi musu ƙanana a wayoyinsu, gara ku nuna takarda ɗaya kaɗai. Na'urar haska hoto a bango ta aji ita ma yawanci 16:9 ce ko 4:3, sai ku shirya darasinku bisa ga awonta.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ku tambayi inci da farashi, ku san aikin da za ku yi, da kafar da kwamfutarku ta ke da ita, da yawan ɗigon allon, da girman teburinku. Wanda ya ke so ya gwada kwamfutarsa da nawa allon, ƙofar ɗakinmu a buɗe ta ke bayan cin abincin dare. Allah ya taimake mu mu riƙe amanar yaran da za a ba mu.